Jarida A Tafin Hannu

A ƙasar Hausa ta dā, in Sarki yana da magana da talakawansa, sai a tashi mai shela ya zaga unguwanni da kasuwa, ya ɗaga murya ya faɗi saƙon da aka aiko shi da shi. Wanda ya ji ba ya tsayawa tambayar ko gaskiya ne, domin kowa ya san mai shelan, an san gidansu, an kuma san ƙofar da ya fito. In ya ƙara gishiri, akwai inda za a kai ƙararsa. Labarin nesa kuwa, irin na Gwanja ko na Barno, fatake ke zuwa da shi, shi ma a kan auna shi da mutuncin madugun da ya kawo shi. Watau tun asali Bahaushe ba ya raba labari da mai shi, har ma ya ajiye sunaye na musamman ga labarin da ba shi da uba: ji-ta-ji-ta, da ƙila-wa-ƙala, da shaci-faɗi, da labarin ƙanzon kurege. Da wannan tsohon ma'auni ya kamata a auna abin da wayar hannu da kafofin sada zumunta suka yi wa aikin jarida da na ofis.

Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu 1939, ji-ta-ji-tar yaƙi da Jamus ta cika kasuwanni, kashe ta kuwa yana cikin dalilan kafa jaridar. Malam Abubakar Imam, editanta na farko, ya riƙe aikin fiye da shekara goma. A wannan zamani labari ya kan yi doguwar tafiya kafin ya kai ga mai karatu. Wakili ya rubuto daga lardi, takarda ta kwana a jakar gidan waya, edita ya karanta ya soke abin sokewa, mai jera baƙaƙe ya jera, mai duba kuskure ya duba, sa'an nan a buga, jirgin ƙasa da mota su rarraba. In jarida ta isa ƙauye, mai ilmin boko guda ya karanta wa mutum ashirin a gindin bishiya. Tafiyar da nawa, ba shakka, amma kowane zango da labarin ya yada akwai mutum mai suna wanda ya sa masa hannu, wanda kuma za a kama in abin ya zama ƙarya.

Rediyo ya gajarta tafiyar, amma bai rushe zangunan ba. Ran 13 ga Maris 1957 aka fara jin Hausa daga BBC a Landan, da muryar Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. Gidan rediyon Kaduna ya biyo baya cikin 1962, na Jamus cikin 1963, Muryar Amurka cikin 1979, na Faransa kuwa sai 2007. Makiyayi a daji da mai shayi a tasha suka rataya akwatin rediyo, suka san sunayen masu karanta labari kamar na maƙwabtansu. Har ta kai in gardama ta yi tsawo a majalisa, wanda ya ce a rediyo ya ji, shi ke da rinjaye. Ba akwatin ba ne ya jawo wannan amana. Abin da ya jawo ta shi ne sanin cewa bayan muryar nan akwai gida mai ƙa'ida, wanda ba ya sakin magana sai ya tabbatar da ita ta hanya fiye da ɗaya.

Kada dai a ɗauka wancan zamani ba shi da aibi. Gaskiya Ta Fi Kwabo jaridar Gwamnatin Turawa ce, akwai iyakar abin da za ta iya faɗi, ko da ya ke Imam ya yi ta ƙoƙarin matsa iyakar. Bayan samun mulkin kai ma gidajen rediyon cikin gida suna hannun Gwamnati, ba a yarda wani ya buɗe nasa ba a Nijeriya sai bayan dokar 1992. Ƙofar labari ɗaya ce, mabuɗinta kuwa yana aljihun masu mulki. Talakan da aka ƙwace wa gona, in wakilin jarida bai bi ta garinsu ba, ko kuwa ya bi amma hakimi ya riga ya sauke shi a gidansa, to, kukansa ba ya wuce bakin zaure. Duk wanda zai yi wa sabon zamani hukunci, wajibi ne ya ajiye wannan a zuciyarsa.

Cikin watan Agusta 2001 aka fara sayar da layin wayar hannu a Nijeriya, da tsada ƙwarai, sai masu hali. Ba a daɗe ba ta yi araha, ta shiga ƙauyukan da wayar tangaraho ba ta taɓa zuwa ba. Facebook ya fito cikin 2004, Twitter cikin 2006, WhatsApp cikin 2009. Abin da ya fi taɓa ƙasar Hausa shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi cikin 2013, domin shi ne ya kawar da shingen karatu. Tsohuwar da ba ta san baƙi ba, yanzu tana iya aika magana Makka ko Kumasi, ta kuma karɓi amsa kafin tuwo ya nuna. Daga nan kowa ya zama mai shela, kowa ya zama wakili, kowa kuma ya zama gidan buga jarida, da na'urar da ba ta fi tafin hannu ba.

Amfanin wannan abu ba ya ɓoyuwa. Sa'ad da aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok cikin Afrilu 2014, kururuwar da aka yi a Twitter ce ta hana a binne maganar, har ta kai kunnen manyan duniya. Haka aka yi cikin Disamba 2020, da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara. Ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato waɗanda wakilin jarida ba ya iya shiga saboda 'yan bindiga, mutanensu da kansu ke ɗaukar hoto su aiko. Jaridun da ba su da injin bugawa ko motar rarrabawa sun yi aikin da manyan gidaje suka ji tsoro. Premium Times, wadda aka kafa cikin 2011, tana cikin jaridun duniya da suka tona takardun Panama cikin 2016. Bahaushen Accra da na Yawunde da na Khartum kuwa suna karanta Aminiya a rana ɗaya da na Kano, abin da Imam bai taɓa samu ba.

To, amma da aka rushe ƙofar, an haɗa da mai gadinta. Cikin watan Agusta 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Ikko, sai wani saƙo ya bazu ta waya cikin dare ɗaya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, shi ne riga-kafi. 'Ya'ya suka ta da iyaye kafin asuba, iyaye suka ta da maƙwabta. Kafin likitoci su buɗe baki, aƙalla mutum biyu sun mutu, an kwantar da waɗansu a asibiti. Cutar kanta mutum 8 ta kashe a Nijeriya duka kafin a bayyana ƙarewarta cikin Oktoba na wannan shekara. Abin lura a nan, waɗanda suka yaɗa saƙon ba miyagu ba ne, ƙauna ce ta sa su. Kowa ya karɓa daga hannun wanda ya amince da shi, ɗan'uwa ko aboki, sai ya ɗora amanar ɗan'uwan bisa maganar da ɗan'uwan nan bai san asalinta ba. Tsohon ma'aunin Bahaushe ke nan aka juya shi ya cuce shi: yana ganin mai miƙo labari, yana zaton shi ne mai shi.

Wanda ya fi wannan muni ya auku a Jihar Filato cikin watan Yuni 2018. Ana cikin tashin hankali sai waɗansu hotuna masu ban tsoro suka bazu a Facebook, aka ce ga abin da ke faruwa yanzu. Binciken da BBC ta fitar cikin Nuwamba na shekarar ya nuna ɗaya daga cikinsu ba a Nijeriya ma aka ɗauke shi ba, daga ƙasar Kwango ya fito, tun 2012. 'Yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun ƙara wa wutar mai, har aka tare hanya aka kashe matafiya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Binciken ya kuma nuna a lokacin mutum huɗu kaɗai ke aikin tantance labarin ƙarya domin 'yan Nijeriya miliyan 24 da ke shiga Facebook, a cikinsu kuwa babu mai jin Hausa. A ƙarshen shekarar nan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, yana ƙasar Folan, sai da ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ne shi, domin an daɗe ana yaɗa cewa ya rasu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan. In har shugaban ƙasa zai tsaya yana ba da shaidar ransa, ina ga talakan da aka yi wa ƙage?

Kuskure ne a ce mutanen yanzu sun fi na dā son ƙarya. Abin da ya sake shi ne hanyar cin abinci. A dā mai karatu ke ba da kwabonsa, saboda haka shi a ke wa aiki, in jarida ta yaudare shi sau biyu ba ya ƙara saye. Yanzu mai karatu ba ya biyan jarida kome, kamfanin waya ya ke biya kuɗin data. Jarida kuwa daga talla ta ke ci, tallan kuma gwargwadon yawan waɗanda suka danna labari a ke biyansa, mafi tsokar kuɗin ma kamfanonin Google da Facebook ke kwashewa. Su waɗannan kamfanoni sun gina na'urorinsu bisa tura wa mutum abin da zai daɗe yana kallo, an kuwa san ba abin da ke riƙe ido kamar fushi da tsoro da abin kunya. Labarin taki ya yi tsada, ko asibiti ba magani, ba ya gogayya da labarin rabuwar auren 'yar wasan fim. Edita yana ganin lissafin dannawa a gabansa kowace sa'a, albashin ma'aikata kuma yana jiransa a ƙarshen wata. Ba sai an ba shi umurni ba, lissafin da kansa ya isa ya koya masa abin da zai sa a gaba.

Alamun wannan yunwa suna bayyane a rubutun kansa. Kan labari a dā taƙaitawa ne: wa ya yi, me ya yi, a ina. Kan labarin yanzu tarko ne, ya kan ɓoye ainihin abin domin a danna, a ce wani gwamna ya yi abin mamaki, ba a faɗi gwamnan ba, ba a faɗi abin ba. Kalmar “da ɗumi-ɗuminsa” an yi ta liƙa ta har ga labarin da ya kwana uku, ta huce sarai. “Majiya mai tushe” da “rahotanni sun ce” sun zama mayafin da a ke rufa wa ji-ta-ji-ta domin ta shiga cikin mutane. Gida guda ya buga, gida goma su kwafe harafi da harafi, har da kuskuren, sa'an nan mai karatu ya ga abu a wuri goma sha ɗaya ya ce ya tabbata, alhali kuwa shaida ɗaya ce aka maimaita. In ƙarya ta tonu, ba a neman gafara a fili yadda jaridar takarda ta kan yi a fitowa ta gaba. Sai a goge shafin a shiru, bayan ya riga ya shiga wayoyi dubbai inda ba mai iya goge shi.

Harshen ma bai tsira ba. Ma'aikatan Zariya sun sha wahala kafin su daidaita rubutun boko, suka sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasa domin a rarrabe kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da karya da ƙarya. Yau wayoyi suna da waɗannan baƙaƙe, amma gaggawa ta sa marubuta da yawa sun yar da su, mai karatu ya yi ta lalube. Raba kalmomi ya rikice, har ba a bambanta “ya zo” da abin da aka haɗe. Mafi yawan labaran Hausa na intanet kuma da Turanci aka fara rubuta su, aka ba yaro guda ya juya goma kafin azahar, ko kuwa aka zuba su a injin fassara, wanda Google ya sa wa Hausa tun Disamba 2013. Sakamakon shi ne jimla mai kalmomin Hausa da ƙashin Turanci, wadda in aka karanta wa dattijo sai ya ce a maimaita. Mai fassara na ƙwarai ya kan karanta labari duka, ya ajiye takardar, ya faɗe shi yadda Bahaushe zai faɗa wa ɗan'uwansa. Wannan yana cin lokaci, lokaci kuwa shi ne abin da sabuwar kasuwa ba ta biya.

Abin da ya sami gidan jarida ya sami ofis. A dā umurnin Gwamnati takarda ne mai lamba da kwanan wata da sa hannu, masinja ya kai, a sa hannu a littafinsa, kwafi ya shiga fayil. Yanzu babban sakatare ya kan ba da umurni a zauren WhatsApp da tsakar dare, kakakin gwamna ya sanar da naɗi ko kora a shafinsa kafin takarda ta isa ga mai ita. Cikin watan Mayu 2020, saboda annobar korona, majalisar ministocin Nijeriya ta fara zama ta allon kwamfuta. Aiki ya yi sauri, fayil ya rage kwana a teburin akawu yana jiran goro. Amma takardar jabu mai tambarin Gwamnati ta zama abin da yaro zai ƙera cikin minti goma, har ya zama hukumomi suna ɓata rabin lokacinsu wajen musanta sanarwar da ba su yi ba. Akwai kuma hasarar da ba a gani yanzu. Mai binciken tarihi yana zuwa gidan ajiye takardu na Kaduna ya ga abin da Razdan ya rubuta wa Di'o shekara tamanin da suka wuce, da dalilinsa. Umurnin da aka bayar ta saƙon murya, ran da wayar ta faɗa ruwa ya tafi ke nan, ba a san wanda ya ba da shi ba, balle a tuhume shi.

Masu mulki sun ga ɓarnar, amma maganin da suka fi kawowa sanda ne. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, an yi ta kama 'yan jarida da ita saboda rubutun da ya ɓata wa manya rai, har aka yi mata gyara cikin 2024. Ran 5 ga Yuni 2021 aka rufe Twitter a Nijeriya, bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022. Sanarwar rufewar ma a Twitter ɗin aka yi ta, kotun ƙasashen Afirka ta Yamma kuwa daga baya ta ce matakin ya saɓa wa doka. Cikin Satumba 2021 an yanke layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. A Nijar, bayan juyin mulkin Yuli 2023, an dakatar da rediyon Faransa, cikin Disamba 2024 kuma aka dakatar da BBC wata uku. Kowace Gwamnati da hujjarta, amma darasin 1939 bai tsufa ba. Inda aka toshe bakin wanda a ke iya kamawa in ya yi ƙarya, fili ya ke zama na wanda ba a san fuskarsa ba.

Saboda haka aikin ɗan jarida bai mutu ba, wurin tsayuwarsa ne ya sake. Tseren riga kowa faɗi ya riga ya fāɗi, domin duk saurinsa ba zai riga wanda abin ya faru a ƙofar gidansa ba. Abin da ya rage masa, wanda ba mai iya karɓewa, shi ne ya je ya gani, ya ji daga ɓangare biyu, ya faɗi inda ya samo, ya sa sunansa, in ya yi kuskure ya gyara a inda kowa zai gani. Masu bin diddigin labari, irin su Africa Check da aka kafa cikin 2012, da Dubawa ta 2018 wadda sunanta ma Hausa ne, sun nuna hanyar: a nemi asalin hoto, a duba ranar da ya fara fitowa, a buga wa wanda aka ambata waya. Bukatar wannan sai ƙaruwa ta ke yi, tun da yanzu akwai na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗi ba. Karin maganar da ke cewa gani ya kori ji, ita ma yau tana bukatar shaida.

Mai karatu kuma yana da nasa kason, domin in ɓera yana da sata, daddawa ma tana da wari. Kujerar da edita ya tashi daga kanta ba ta zama wofi ba, ta koma hannun duk wanda yatsarsa ke bisa maɓallin turawa. Tambayoyin da a ke yi wa madugu a zango su ne dai har yanzu: wa ya faɗa, shi a ina ya ji, yaushe abin ya faru, wa zai ci riba in an yarda? Malaman makaranta za su kyauta in sun koya wa yara waɗannan tambayoyi tare da karatu da rubutu. Masu hali kuma za su kyauta in sun koma biyan kuɗin jaridar da suka amince da ita, gama gidan da mai karatu ba ya ciyarwa, ɗan siyasa ne zai ciyar da shi, ya mai da ma'aikatansa sojojin baka. Waɗanda suka raɗa wa jaridar Zariya suna sun ce gaskiya ta fi kwabo, amma ba su ce a ba da ita kyauta ba, sai da kowa ya ajiye kwabonsa kafin ya ɗauka.